Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga 'yan majalisun dokokin jihohinmu kan albashi da alawus ɗin kansiloli masu gafaka da sauran 'yan naɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma shugabannin majalisun dokoki na jihohinmu na Arewa, da shugabannin kwamitocin ƙananan hukumomi, da sauran 'yan majalisa baki ɗaya, ranku ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ku da iyali, ya aiki ya haƙuri da jama'a.

Ni tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, a sashen kuɗi na yi aikina har Allah ya kawo lokacin ritaya, kuma abin da ya sa na rubuto muku a fili shi ne maganar albashi da alawus-alawus na mutanen da ake naɗawa a majalisun ƙananan hukumomi, wato kansiloli masu gafaka, waɗanda ake ba riƙon sassa kamar lafiya da noma, da sakatare da masu ba ciyaman shawara, har da membobin hukumomin da gwamna yake naɗawa don su kula da harkar ƙananan hukumomin. Roƙona guda ɗaya ne. Ku rubuta kuɗin nan a cikin doka, dalla-dalla, kujera nawa ce, kowace kujera nawa ake biyanta, yaushe ake biya, wa ya cancanci kuɗin sallama wa bai cancanta ba, sannan ku sa a liƙa shi inda talaka zai gani da idonsa. Ku aka ɗora wa wannan aikin, ba ciyaman ba, ba kwamishina ba, ba kuma wani babban sakatare da zai zauna a ofis ya rubuta sakula, wato takardar umarnin ofis, ya sa hannu ba.

Ba da ka nake wannan magana ba. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ne ya tabbatar da cewa ƙaramar hukuma zaɓaɓɓiyar majalisa ce za ta riƙe ta, kuma a wuri ɗaya ya ce gwamnatin kowace jiha ta tabbatar da wanzuwar majalisun nan ta hanyar doka, dokar da za ta faɗi yadda za a kafa su, da tsarinsu, da waɗanda za su zauna a ciki, da kuɗinsu, da ayyukansu. To wa yake yin doka a jiha in ba ku ba? Kundin bai ambaci kansila mai gafaka ko sau ɗaya ba, bai san mai ba ciyaman shawara ba, duk waɗannan kujerun dokar jiha ce ta haife su, don haka duk abin da dokar jiha ta yi shiru a kansa ya zama sai yadda mai iko ya ga dama.

Matasa da yawa yanzu sun ɗauka haka abin yake tun fil azal, alhali ba haka ba ne. A gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya rufe babin En'e ya kawo tsari iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya, an yarda a naɗa wasu kansiloli amma an sa iyaka, kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na majalisa, kuma masu gafaka daga cikin kansilolin ake fitar da su su riƙe sassa. Sai a 1991 zamanin Janar Babangida aka kawo tsarin shugaba mai cikakken iko har ƙaramar hukuma, aka raba ɓangaren zartarwa da na kansiloli, ciyaman ya samu damar ɗauko mutanensa daga waje ya ba su lafiya da noma da ayyuka da ilimi. Tun daga nan ɗan naɗi ya zama mutumin ciyaman ko mutumin wanda ya kawo ciyaman, kuma tun daga nan maganar abin da za a biya shi ta fara zama abin rufa-rufa.

Na san za ku ce ai akwai hukumar RMAFC, mai tattarawa da raba kuɗin shiga, ita ce take yanke albashin masu riƙe da muƙaman siyasa. Gaskiya ne, jadawali na uku na kundin ya ba ta wannan aikin, kuma tsarin da ta fitar a 2007, wanda aka shigar cikin gyaran dokar albashin masu muƙamai a 2008, ya sauko har kan ciyaman da mataimakinsa da kansiloli da masu gafaka. Amma ku duba yadda kundin ya tsara abin a sashe na 124, inda ya yi maganar gwamna da mataimakinsa da babban mai binciken kuɗi na jiha da membobin hukumar ma'aikata da hukumar zaɓe ta jiha da ta harkar shari'a, cewa ya yi majalisar jiha ce za ta yanke abin da za a biya su, sai dai kada ya wuce abin da hukumar ta ƙayyade. Ma'ana hukumar tana sa iyakar sama ne, ku kuma ku zauna ku yanke na jiharku gwargwadon ƙarfinta. In har gwamna da kansa sai da dokarku ake biyansa, ta yaya za a ce kansila mai gafaka a ƙauye da sakula za a biya shi? Kuma ku lura, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ba ta cikin jerin da sashe na 124 ya lissafa, ita ma membobinta abin da dokarku ta rubuta musu shi ne kaɗai abin da suke da shi.

Sannan shi kansa tsarin na 2007 ya tsufa, wallahi ya tsufa. Asalin albashin ciyaman a cikinsa naira 908,312 ne a shekara, ba a wata ba, na mai gafaka da na kansila kuma ƙasa da haka suke. Lokacin da aka yanke wannan kuɗin dala ba ta kai naira 130 ba, litar fetur ba ta wuce naira 70 ba, mafi ƙarancin albashi na tarayya naira 7,500 ne. Daga nan mafi ƙarancin albashi ya koma 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a watan Yulin 2024, an cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, amma lissafin da ake yi wa ɗan majalisar ƙaramar hukuma yana nan inda aka bar shi. In ka raba asalin albashin mai gafaka gida goma sha biyu za ka ga bai kai abin da doka ta ce a ba masinja sabon ɗauka ba yau. Abin da yake ɗaga kuɗin shi ne alawus, kuɗin gida, kuɗin kula da mota da mai, kuɗin baƙi, na wuta da ruwa, na masu aikin gida, na jarida, na hutu, kowanne kaso ne na asalin albashin, sai manyan guda biyu da kowa yake sa wa ido, kuɗin kayan ɗaki a farko da kuɗin sallama a ƙarshe, waɗanda a na ministoci da sanatoci kowanne ninki uku ne na albashin shekara. To da yake asalin ya zama ba komai ba, sai aka koma neman cikon ta wasu ƙofofin, alawus ɗin zama da ba a yi zaman ba, kuɗin kwana na tafiyar da ba a yi ba, kuɗin bita, kuɗin duba aiki, kuɗin kwamitin da aka kafa don kawai a samu hanyar fitar da bauca, wato takardar biyan kuɗi. Duk wanda ya yi aiki a sashen kuɗi ya san abin da nake faɗa, kuma wannan hanyar ta fi cin kuɗin jama'a nesa ba kusa ba a kan a ce an yanke albashi mai ma'ana an rubuta shi kowa ya sani.

Bari in faɗa muku yadda ƙarshen wata yake a ofishinmu a lokacin da nake aiki. Za ka zauna haɗa baucan 'yan siyasa, ka jawo fayil, abin da ke ciki hoton sakula ne da aka yi ta kwafa ana sake kwafa har lambobin sun dushe, wani wurin sai ka ɗaga takardar ka kalli haske kafin ka gane uku ne ko takwas. A bayanta akwai wata sakular da ta zo daga baya ta ce a rage kaza, ba ta ce ta soke ta farko ba, a bayanta kuma akwai 'yar takarda da hannu aka rubuta cewa wane da wane a ƙara musu kaza bisa umarni. Ka je wurin ma'aji ka ce ranka ya daɗe da wacce za a yi aiki, ya ce maka dakata tukuna mu ga abin da zai zo daga asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi. In kuɗi sun zo da auki a biya duka, in sun zo a tsuke a ce 'yan siyasa su karɓi rabi, sauran a rubuta bashi, bashin da kowa ya san ba ranar biyansa. A waje kuma ga mai gafakan lafiya nan tsaye jikin taga yana tambaya ko an tura, saboda tun da asuba ƙofar gidansa cike take, wannan da takardar magani, wannan matarsa ta haihu, wannan kuɗin jarrabawar yaro, kuma duk sun yi imani miliyoyi yake ɗauka duk wata. Shi bai san takamaimai nawa ne haƙƙinsa ba balle ya nema, su ba su san nawa yake karɓa ba balle su yi masa uzuri, ni da nake rubuta baucan ba ni da dokar da zan dafa in ce a'a in an kawo min abin da bai dace ba.

Wasu jihohin suna da dokar albashin masu muƙaman siyasa, ban musa ba, wasu ma sun gyara dokar ƙananan hukumominsu a 'yan shekarun nan. Amma dokar da ma'aikacin da ke biyan kuɗin bai taɓa riƙe ta a hannunsa ba, wadda ɗan jarida zai yi sati yana yawo bai samu kwafinta ba, wadda kuma ta ce za a biya "abin da aka amince da shi lokaci zuwa lokaci" ba tare da ta faɗi nawa ba, wannan ba ta tsare kowa ba. Jadawalin kuɗin ya kamata ya zama a jikin dokar, da lambobi, in za a canza shi a dawo gabanku.

Ɗan naɗin da ba doka a bayansa kamar mai noma gonar aro yake, ranar da mai gona ya sauya fuska sai ya tattara fartanyarsa. Shi ya sa ba za ka taɓa ganin mai gafaka ya ce wa ciyaman wannan kwangilar ba daidai ba ce, ko wannan maganin da aka ce an saya bai iso asibiti ba, domin ya san alawus ɗinsa na wata mai zuwa a hannun wanda zai yi wa gyaran yake. Mutanen da aka naɗa don su sa ido a kan sassa sun koma 'yan amshin shata, ba don dukkansu ba su da amana ba, na yi aiki da masu tsoron Allah a cikinsu sosai, sai don an bar cikinsu a hannun mutum ɗaya.

Maganar kuɗin sallama kuwa ita ce ta fi ci min rai. Akwai wani dattijo da ya riƙe gafakar noma a ƙaramar hukumar da na yi aiki, mutumin kirki, ya gama wa'adinsa lafiya lau ba a taɓa kama shi da komai ba. Shekaru yana zuwa da wani shuɗin fayil a hammata, a ciki akwai takardar naɗinsa da ya sa aka lulluɓe da roba don kada ta yage, da takardar rantsuwa, da kwafin wasiƙun da ƙungiyarsu ta tsofaffin kansiloli ta rubuta, kullum amsar ɗaya ce, sunanka yana cikin jeri, ana jiran amincewa. An zo an yi tantancewa, aka sake wata tantancewar, gwamnati ta sauya aka ce a fara daga farko. Ya rasu bai karɓa ba, ɗansa ne ya ci gaba da zuwa da fayil ɗin, da takardar gado daga kotu a sama. Allah ya jiƙansa. Irinsa suna da yawa, ku da kanku kun sani domin ofisoshinku suke zuwa kawo koke, kuma sau da yawa sai zaɓe ya matso ake tuna su a biya wani kaso a yi taro a ɗauki hoto, abin da yake haƙƙi ya koma kamar kyauta.

Ku duba abin da kotuna suka yi, za ku ga inda bambancin yake. A ranar 7 ga Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta yanke cewa rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi da aka yi a Katsina a 2015 da kuma a Oyo a 2019 ya saɓa wa kundi, ta kuma ce a biya waɗanda aka sauke albashinsu da alawus ɗinsu. Tun kafin nan a 2016 ta yi irin wannan hukuncin kan jihar Ekiti. Waɗannan zaɓaɓɓu ne, kundin tsarin mulki ne ya tsaya musu. Amma a watan Mayun 2019, Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta saurari shari'ar tsofaffin membobin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jihar Kogi, 'yan naɗi da suka nemi kuɗin sallama, kotun ba ta ba su ba, kuma Mai shari'a Emmanuel Agim da ya karanta hukuncin ya yi kakkausar magana cewa bai dace ba a ce mai muƙamin siyasa na 'yan shekaru ya kwashi kuɗin sallama alhali ma'aikatan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a aiki suna fama ba a biya su fansho da giratuti ba. Abin da ni na ɗauka daga waɗannan shari'o'in shi ne ɗan naɗi ba shi da abin riƙewa sai abin da aka rubuta masa a doka da takardar naɗinsa, kuma maganar da alƙalin ya yi kan 'yan fansho gaskiya ce da bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Ni ɗan fansho ne, na san ɗacin abin.

Don haka ku yanke shawara ɗaya ku tsaya a kai. In jiharku za ta iya biyan kuɗin sallama ga 'yan naɗi, ku rubuta nawa ne, ku rubuta cewa wanda bai cika wa'adi ba za a lissafa masa gwargwadon watannin da ya yi, wanda aka kora kan almundahana ba shi da komai, ku sa a riƙa ware kuɗin wata-wata tun mutum yana kan kujera don kada ya taru ya zama dutse a kan gwamnati mai zuwa, ku kuma sa wa'adin biya, misali cikin wata uku da sauka. In kuma ba za ta iya ba, ku faɗa ƙarara a doka cewa babu, a rubuta wa mutum a takardar naɗinsa, ya karɓi kujerar da saninsa. Wanda ba shi da kyau shi ne a yi alkawari da baki a bar bayin Allah suna yawo da fayil har su mutu. Ni a ra'ayina ma ku ƙara sharaɗi ɗaya, kada ƙaramar hukuma ta fitar da kuɗin kayan ɗaki ko na sallama na ɗan siyasa a watan da malaman firamare da ma'aikatan asibitocinta ba su ga albashi ba.

Sai yawan kujeru. Wannan shi ne inda kuɗin suke zurarewa ba a ji. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23, ku lissafa da kanku, in kowane ciyaman ya ƙara mutum goma kacal a kan abin da ake buƙata, a Kano kaɗai mutum 440 ke nan da za a biya duk wata. Kuma ai ba goma ake ƙarawa ba, muna jin sanarwa a rediyo, mai ba da shawara kan kaza, mataimaki na musamman kan kaza, wasu ko tebur ba su da shi a sakatariya. Na fahimci matsin da ciyaman yake ciki, kowace mazaɓa tana son nata, kowane jigo yana da yaro, amma in doka ta ce masu gafaka ba za su wuce adadin sassan da ake da su ba, masu ba da shawara ba za su wuce kaza ba, kun taimaki ciyaman ɗin ne ma, ya samu abin da zai nuna wa masu matsa masa ya ce doka ta ɗaure min hannu. Haka membobin hukumomi, a bambance na dindindin da na wucin gadi, wanda zama kawai yake zuwa alawus ɗin zama ne nasa, a faɗi nawa ne, a faɗi zama nawa za a biya a shekara, kuma sai da takardar halarta da bayanin abin da aka tattauna za a fitar da kuɗin. A matakin tarayya hukumar kula da albashi ta ƙasa tana fitar da irin wannan ƙa'idar ga membobin wucin gadi, ba wani sabon abu ba ne da zai gagare ku.

Akwai kuma albashi biyu. Jadawali na biyar na kundin, inda aka rubuta ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata, ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnati ya karɓi albashin kujera biyu a lokaci guda, kuma ya lissafa ciyaman da membobi da ma'aikatan majalisun ƙananan hukumomi a cikin waɗanda ƙa'idar ta hau kansu, har da bayyana kadarori. Amma sau nawa aka ɗauko malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya aka ba shi gafaka, sunansa bai fita daga baucan tsohon wurin aikinsa ba, ajinsa ba malami, yana karɓa nan yana karɓa can? Wasu wallahi ba su ma san laifi ba ne, ba wanda ya gaya musu. Ku sa a doka cewa kafin a rantsar da ɗan naɗi sai ya kawo takardar hutun da ba albashi ko ta ajiye aiki, da shaidar ya cike fam ɗin kadarori.

Dalilin da ya sa nake ganin yanzu ne lokacin shi ne hukuncin ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36, inda Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce kwamitin riƙo da kantomomi ba su da gurbi a kundi, kada a saki kuɗi ga ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ne ke riƙe da ita ba. Shi ya sa muka ga jihohi sun yi ta rige-rigen zaɓe, Jigawa da Kaduna da Kano a watan Oktoban 2024, Katsina a watan Fabrairun 2025. An daɗe ana jan ƙafa wajen aiwatar da ɓangaren kuɗin, amma duk ranar da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya ya fara sauka hannun ciyamomi kai tsaye ba tare da dokar da ta iyakance kujeru da alawus ba, ina tsoron abin da zai fara kumbura shi ne jerin 'yan naɗi, ba rijiyoyin burtsatse ko ajujuwa ba. Kuma ina roƙonku kada a rufe ƙofar kantoma a buɗe wata da sabon suna, a naɗa wa ciyaman mutane daga sama masu albashi a asusunsa waɗanda ba shi da ikon tambayarsu. Ita ma hukumar RMAFC shugabanta Dakta Mohammed Bello Shehu ya fito a watan Agustan 2025 ya ce sun fara sake duba albashin masu muƙamai saboda tun 2008 ba a taɓa shi ba, kun tuna hayaniyar da aka yi a 2023 da aka ji maganar ƙarin kashi 114 cikin ɗari, mutane suka yi ca, saboda ba wanda ya zauna ya yi musu bayanin me ake biya yanzu. Duk abin da hukumar ta fitar a ƙarshe gabanku zai zo, gara ya tarar kun shirya.

Kada wani ya karanta wannan ya ce tsoho yana nema wa 'yan siyasa ƙari ne. Ni ban ce a ƙara ba ban ce a rage ba, wannan ku da jama'a za ku yanke bayan kun ga ƙarfin asusun kowace jiha. Cewa na yi a rubuta, a rage kujerun banza, a toshe ƙananan ƙofofin, a biya na halak a kan lokaci ta banki da sunan mutum, kuma a bar mutane su gani. Allon sanarwa yana nan a kowace sakatariya, a liƙa jadawalin da Hausa da Turanci, da sunayen duk 'yan naɗin da ake biya a watan, a karanta shi a gidan rediyon jiha, a sa a shafin majalisa na intanet. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta riga ta ba ɗan ƙasa damar tambaya, Kotun Ƙoli ma ta ce a watan Afrilun 2025 dokar ta hau kan jihohi, to me zai sa a jira sai an kai ƙara kafin a nuna abin da dama na jama'a ne? Rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi kuma da yake zuwa gaban kwamitinku, ku sa ya ware shafi na musamman kan abin da aka kashe wa 'yan naɗi a kowace ƙaramar hukuma, ku zauna a kansa a bainar jama'a.

Da yawanku daga kansila kuka fara, wasunku sun riƙe gafaka, wasu sun yi ciyaman, wasu ma har yau suna bin nasu kuɗin sallamar, don haka ba sai an yi muku dogon bayani ba. Ina roƙon kowane shugaban kwamitin ƙananan hukumomi ya kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin a kawo muku kasafin kuɗin shekara mai zuwa, a gayyato ƙungiyar ciyamomi, da ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, da ta malamai, da 'yan fansho, da tsofaffin kansiloli, da ma'ajiyai da masu binciken kuɗi na da da na yanzu, a yi zaman da Hausa yadda kowa zai iya magana, a sa ma'aikatar ƙananan hukumomi ta zo da duk sakulolin da take biya da su a ajiye a kan tebur. In an kira, mu tsofaffin sashen kuɗi za mu zo mu faɗi abin da muka sani.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin sashen kuɗi na ƙaramar hukuma